Littafina na Farko na Bincike da Zullumi: In Sake Shi Babi-Babi ko In Kai Maɗaba'a?

Tambayar ta fito ne daga wata malamar makaranta da ke zaune a Tudun Wada, Kaduna. Ta ce ta rubuta babi goma sha ɗaya na wani ƙagaggen labari a kan wani akawu da ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Rigasa da daddare, bai isa gida ba, ƙanwarsa kuma ta shiga nemansa. Har yanzu ba ta yanke shawarar wanda ya ɗauke shi ba, tana jira labarin ya nuna mata. Ƙawayenta suna ba ta shawara ta fara sakin babi-babi a WhatsApp don ta tara masu karatu, wasu kuma suna cewa ta haɗa abin da ta rubuta ta buga shi a matsayin littafi na ɗaya. Tana son ta san wanne ya fi, da kuma abin da ake bukata kafin littafi ya fita.

Malama, Allah ya ƙara basira. Amsata ita ce kada ki saki ko shafi ɗaya tukuna, ko a waya ko a takarda, har sai kin san wanda ya ɗauke akawun nan, da dalilinsa, da inda ya ajiye shi, kuma kin rubuta babin ƙarshe. Shawarar ƙawayenki tana aiki ga labarin soyayya ko na zaman gidan aure, domin irin waɗannan labarai suna iya tafiya gaba a hankali, marubuciya tana sauraron masu karatu tana karkata inda suka fi so, kuma babu abin da zai rushe. Labarin bincike daga baya ake gina shi. Duk abin da zai bayyana a babi na talatin dole ne a ce an riga an dasa shi a babi na uku ta yadda mai karatu ya gan shi amma bai kula ba, kuma ba za ki iya dasa abin da ba ki sani ba. Idan kika saki babi goma sha ɗaya yau, sannan bayan wata biyu kika gane cewa direban ofishinsu ne ya kamata ya zama mai laifin, alhali kin riga kin nuna shi a asibiti a daren da abin ya faru, babu hanyar gyarawa, domin babin yana cikin wayoyin mutane.

Aikin da ke gabanki yanzu shi ne ki ajiye rubutun, ki ɗauki takarda mai faɗi, ki rubuta labarin da mai karatu ba zai taɓa gani a jere ba, wato abin da ya faru a zahiri, awa bayan awa. Ƙarfe nawa jirgin ya tsaya a Rigasa, wa ya san akawun yana cikinsa, wace Keke Napep ya shiga, a ina wayarsa ta yi ƙara ta ƙarshe, wa ya cire kuɗi da katinsa a wurin mai POS a Kawo washegari da hantsi, kuma a wannan lokacin ina kowane ɗaya daga cikin mutanen da za ki sa a zarga yake. A gefe guda kuma ki rubuta jeri na biyu, wanda ke nuna lokacin da ƙanwar ta san kowane abu, da lokacin da mai karatu ya sani. Tazarar da ke tsakanin waɗannan jeri biyu ita ce littafin gaba ɗaya. Yawancin rubutun farko da ke zuwa hannun masu gyara a wannan fanni ba rashin hikima ke kashe su ba, rashin wannan takarda ne: mutum ya bar Barnawa bayan sallar isha'i ya isa Mando kafin a idar da ita, ko tauraruwa ta ambaci sunan da ba a faɗa mata ba sai babi biyu a gaba.

Game da zullumin kansa, akwai kuskuren da ya kamata ki guje masa tun yanzu, wato ɗaukar ɓoye komai a matsayin hanyar riƙe mai karatu. Ɓoyewa tana haifar da mamaki na shafi ɗaya, amma abin da ke hana mutum barci shi ne ya san haɗarin da tauraruwa ba ta sani ba. Ki duba bambancin. A zubi na farko, ƙanwar ta je gidan abokin aikin yayanta a Unguwar Rimi neman taimako, suka yi magana, ta fita, sai a ƙarshen littafi a ce ashe shi ne. A zubi na biyu, mai karatu ya riga ya ga agogon yayan a aljihun wannan mutum tun babin da ya wuce. Yanzu ga ta zaune a falonsa, matarsa ta kawo mata ruwa da lemo, shi kuma yana tambayarta cikin tausasa murya ko ta faɗa wa wani cewa za ta zo nan, ita kuwa ta ce a'a, ko Inna ba ta sani ba. Babu bindiga, babu jini, amma mai karatu ba zai ajiye littafin a wannan shafi ba. Ki haɗa wannan da wa'adi mai dalili, kamar binciken kuɗi da za a yi a ofishin ranar Litinin, ko maganin ciwon sukari da akawun ba zai iya kwana huɗu babu shi ba, domin idan babu abin da zai lalace in an yi jinkiri, babu dalilin da zai sa a yi sauri.

Mai laifin yana bukatar kulawarki fiye da tauraruwar. Ya kamata ya kasance yana da abin da yake tsoron rasawa, kuma a ce duk matakin da ya ɗauka mutum mai hankali zai iya ɗaukarsa idan ya shiga irin matsatsin da ya shiga. Mugun da yake mugunta don kawai shi mugu ne, yana ƙyaƙyata dariya a ɗaki mai duhu, ya daɗe da gundurar masu karatu. Haka nan warware ƙulli ta hanyar mafarki, ko wani malami ya duba ya faɗi inda aka ɓoye mutum, ko mai laifi ya kwanta ciwon ajali ya tona kansa haka kawai. Ban ce mutanen labarinki kada su yi addu'a ko su je wurin malamai ba. Iyalin da ɗansu ya ɓace a Kaduna za su yi saukar Alƙur'ani, za su yi sadaka, wata gwaggo ma za ta kawo labarin wani mai duba, kuma barin wannan a waje ƙarya ce ga rayuwarmu. Abin da nake cewa shi ne amsar ta fito daga abin da ƙanwar ta gani, ta ji, ta haɗa da hankalinta, domin alƙawarin da irin wannan littafi ke yi wa mai karatu shi ne cewa da ya lura da kyau da shi ma ya gano.

Inda marubutanmu suka fi zamewa shi ne aikin 'yan sanda da kotu, saboda da yawa daga fina-finan Amurka da Indiya suke kwaso shi. A nan, ƙanwar za ta fara ne daga ofishin 'yan sanda na yanki, wurin DPO, a rubuta bayaninta, a ba wani jami'i binciken. Idan lamarin ya zama na kisa ko garkuwa da mutum, fayil yana barin yanki ya koma sashen binciken manyan laifuka na rundunar jiha. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu, ko da yake sashen ya yi togiya a kan laifukan da hukuncinsu kisa ne. Kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisan kai. Abin da ta saba yi shi ne ta ba da umarnin a ajiye wanda ake zargi a gidan gyaran hali, a aika fayil ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki a Ma'aikatar Shari'a ya ba da shawara, sannan shari'ar ta tafi Babbar Kotu. Jihar Kaduna tana da nata dokar Final Kod da ta tafiyar da shari'ar laifuka, dukansu na 2017, kuma ya kamata ki samu lauya ko ɗan sanda mai ritaya ya karanta miki babukan da suka shafi wannan. Tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da iyali ke tararwa a kan benci a ofishin yanki ita kanta makamin marubuci ce, kuma ita ce za ta bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa mace mai aikinta za ta ɗauki bincike a kanta.

Akwai abubuwa biyu na rayuwarmu da suke canza lissafin irin wannan labari, kuma ban cika ganin an yi amfani da su yadda ya kamata ba. Na farko shi ne gaggawar jana'iza. Wanda ya rasu da asuba ana iya binne shi kafin azahar, iyalai kuma ba sa son a taɓa gawa, saboda haka shaidar da marubucin Ingila zai samu daga likitan binciken gawa, ke sai dai ki same ta daga bakin wanda ya yi wankan gawar, wanda ya ga wani tabo a wuya ya yi shiru saboda sutura. Na biyu shi ne waya. Tun daga ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, asusun banki kuma yana ɗaure da BVN, saboda haka mai karatu na yau zai tambaya me ya sa ba a bi layin ba. Dole labarin ya amsa wannan tambaya, ko ta hanyar layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko jinkirin samun bayanan daga kamfanin waya.

Garin kansa ki yi amfani da shi da gaske. Kogin Kaduna ya raba gari biyu, gadojin da ke haɗa su ƙalilan ne, kuma tun bayan rikicin shekarar 2000 yanayin zaman unguwanni ya sauya ta yadda tsallaka kogi da dare yana da nauyi a zuciyar mutane da yawa. Ga tsofaffin masaƙun Kakuri da suka daina aiki, ga Fanteka inda ake iya wargaza mota a rasa ko lambarta, ga lungunan Rigasa da baƙo ba ya fita sai da ɗan jagora. Sai dai ina jan hankalinki a kan abu biyu. Kada mai laifinki ya zama wakilin wata ƙabila ko addini, domin a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta fuskar fasaha ma yana sa a gano shi da wuri. Sannan tunda labarinki ya taɓa jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, ki nisanci harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022. Waɗanda abin ya shafa da iyalansu suna nan a cikinmu. Ma'aikatar da akawun yake yi wa aiki ki ƙirƙiro mata suna, haka ma duk wani jami'i ko attajiri da za ki jingina wa laifi, don kada littafin farko ya kai ki kotu a kan ɓata suna.

Tsawon littafin, a ganina, kalmomi dubu 45 zuwa dubu 60 sun isa, a cikin littafi ɗaya mai ƙarshe. Al'adar raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ta samo asali ne daga tsadar ɗab'i da tsarin kasuwar littattafai, amma mai karatun da aka bari a tsakiyar zullumi wata shida yakan manta alamomin da aka dasa masa, in an warware kuma ba zai ji daɗin ba. Idan kin gama, ki bar rubutun ya huta makonni kaɗan, sannan ki ba mutum uku ko huɗu waɗanda ba sa jin nauyinki. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki roƙe su su rubuta a ƙarshen kowane babi biyar wanda suke zargi, da shafin da suka ajiye littafin suka tashi yin wani abu. Idan duka sun gano mai laifin tun a rubu'in farko, alamominki sun yi yawa. Idan babu wanda ya taɓa kawo shi a rai kuma suka ji haushi da aka bayyana shi, sun yi kaɗan. A nan ne kuma za ki ga cewa shafuka biyun da kika ɓata wajen bayanin leshi da girkin da aka jera a tebur su ne inda aka ajiye littafin. Bayan wannan sai edita, wanda zai bi ƙa'idojin rubutu: raba "ya yi" da "ta ce", haɗe "littafinta" da "gidansu", da tabbatar da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, domin a labarin da kalma ɗaya ke iya zama shaida, bambancin "kofa" da "ƙofa" ko "bari" da "ɓari" ba abin wasa ba ne.

Sai batun fitarwa. Kamfanonin wallafa irin na da, wato waɗanda ke ɗaukar nauyin komai su biya marubuci kasonsa, suna nan, kuma mafi shahara a Hausa shi ne NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya da aka kafa a 1966. Amma irin waɗannan kamfanoni sun fi karkata ga littattafan da makarantu za su saya, jiran amsa kuma yana da tsawo. Shi ya sa tun daga tsakiyar shekarun 1980 yawancin marubutan ƙagaggun labaran Hausa, musamman a Kano, suka koma buga wa kansu, kuma wannan ita ce hanyar da na fi zaton za ki bi. Ki bambance maɗaba'a da kamfanin wallafa. Wanda ya karɓi kuɗinki ya buga ya miƙa miki katan-katan ɗin littafi mai ɗab'i ne, ko me ya rubuta a allon shagonsa, kuma ba shi da wani haƙƙi a kan labarinki.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, kuma yana da reshe a nan Kaduna. Ki nema da kanki ko ki tabbatar an karɓo ta da sunan littafinki, domin akwai masu ɗab'in da ke manna tsohuwar lambar wani littafi a bango. Dokar 1970 da ta kafa tsarin ɗakin karatun ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya kai wa ɗakin karatun kwafi 3 na duk abin da ya buga. Haƙƙin mallaka kuwa, a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Duk da haka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista ga wanda ya so, kuma takardar tana da amfani ranar da aka yi jayayya.

A maɗaba'a, girman A5 shi ne aka saba, shafi yana ɗaukar kalmomi wajen 250 zuwa 300, saboda haka littafinki zai kai shafi 150 zuwa 240. Ana buga shafuka ne a babbar takarda a naɗe ta, galibi 16 a kowane naɗi, don haka ki sa mai tsara shafuka ya daidaita adadin da wannan lissafi. Takardar ciki mai nauyin giram 70 ta fi mai 60, domin rubutun baya ba ya lekowa sosai. Littafi mai wannan kauri manna shi ake yi da gam, kuma nan ne ake ha'inci: ki karɓi samfur ɗaya, ki buɗe shi tsakiya ki danne a tebur, ki kama shafi guda ki ɗaga littafin da shi. In ya ɓalle a hannunki, zai ɓalle a hannun mai saye. Ki miƙa aikin a matsayin PDF da haruffan a ƙunshe cikinsa, sannan ki karanta samfurin da idonki, domin sau da yawa kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin harafin da aka tsara da shi, sai duk ƙ da ɗ su koma ƙananan akwatuna ko alamar tambaya, kuma ba a ganewa sai an buga kwafi dubu. Ga littafin farko, bugun na'urar zamani na kwafi 100 zuwa 200 ya fi aminci. Kowane kwafinsa ya fi na bugun faranti tsada, wato bugun babban injin ɗab'i, amma bugun faranti ba ya araha sai an yi da yawa, kuma kwafi dubu a ƙarƙashin gado jari ne da ya kwanta. Farashin takarda yana bin canjin dala, saboda haka ki karɓi ƙiyasi a rubuce daga wuri uku a mako guda, sannan ki sa farashin da zai ɗauki kuɗin bugu da la'adar mai shago da kwafin da za a karɓa bashi ba a biya ba.

Bikin ƙaddamarwa yana iya mayar da kuɗin bugu idan kina da masu hannu da shuni a dangi, amma alƙawarin da aka yi a lasifika ba duka ake cikawa ba, kuma waɗanda suka saya a wurin ba lallai su karanta ba. Masu karatu na gaske za ki fi samunsu ta reshen Kaduna na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, wadda aka kafa a 1981, da tarukan adabi irin su bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a garin nan a 2017 da HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021. Idan kina son littafin ya shiga kasuwar Kano, wadda ita ce cibiyar dillancin littattafan Hausa, ki tuna cewa jihar tana da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, kuma ki tambayi dillalin da za ki ba abin da ake bukata a lokacin.

Shawarar ƙawayenki tana da wurinta bayan an gama komai. Da littafin a kammale, a gyare, kina iya sakin babi uku ko huɗu na farko kyauta a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ki tsaya a daidai inda ƙanwar ta gano cewa yayanta ya sayi tikiti biyu ne ba ɗaya ba, sauran kuma a saya a takarda ko a manhaja irin ArewaBooks. Kada ki tura cikakken littafin a matsayin fayil ga kowa, domin daga waya ɗaya yake zagaye gari, kuma ki ajiye kwafinki na asali a wuri fiye da ɗaya, tunda manhaja tana iya rufewa kamar yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023. Irin labarinki kuma shi ne wanda masu karanta littattafai a YouTube da gidajen rediyo da masu shirya fim mai dogon zango suke nema. Duk wanda ya zo da wannan bukata, ku yi yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace abin da aka ba shi, sauti ne ko fim, na shekara nawa, a kan nawa, da kuma cewa haƙƙin bugawa da fassarawa da rubuta ci gaban labarin yana nan a hannunki. Ki sa lauya ya duba ta kafin ki sa hannu, ko da wanda ya kawo ta ɗan'uwa ne.